Yaro mai farfaɗiya a kan abincin keto: yadda za ki gane illarsa tun daga gida

Wannan bayani na iyaye mata ne irina, waɗanda likita ya riga ya ɗora wa ɗansu abincin keto, wato abinci mai yawan maiƙo da aka janye wa hatsi da sukari, ko yake shirin ɗorawa, saboda farfaɗiyar da ta ƙi jin magani. Ni malamar lakwal ce a nan Maraɗi, ban karanci aikin likita ba. Autana ne ke kan abincin. Abin da zan faɗa miki, rabi daga bakin likitan ƙwaƙwalwar yara da ke duba shi a Yamai na samo shi, da matar da ke tsara masa abinci, rabi kuwa a tsakar gidanmu na gani.

Idan ke a WhatsApp kika ji an ce mai yana maganin farfaɗiya, har kin fara shirin hana yaro tuwo da kanki, to ki dakata tukuna. Akwai yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya sarrafa kitse. Irinsu wannan abinci zai iya zama ajalinsu, kuma ba a gane su da ido, sai an yi awon jini da na fitsari. Yaron da tamowa ta taɓa ma ba a fara masa sai ya murmure. Ba kuma a kai ga wannan hanya sai an gwada magani iri biyu ko fiye yadda ya kamata, ciwon bai daina tashi ba. Kusan ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya haka tasu take.

Dabarar tsohuwa ce. An daɗe da lura cewa azumi yana rage tashin ciwon, to a 1921 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Russell Wilder, ya kawo shawarar a ba maras lafiya abincin da zai sa jikinsa ya ɗauka azumi yake yi alhali yana ci. Idan aka janye hatsi da sukari aka cika mai, hanta sai ta koma narka kitse tana fitar da wani sinadari da ake kira keton, ƙwaƙwalwa ta riƙa aiki da shi a madadin sukari. Tsari na asali huɗu-da-ɗaya ne: kowane giram huɗu na mai, giram ɗaya tak na abin gina jiki da sitaci a haɗe. Namu mai sauƙin ne, wanda asibitin Johns Hopkins ya fito da shi a 2003. Ba a auna masa nama da ƙwai, sitaci da sukari kawai ake ƙidaya, kuma yaro yakan fara da giram 10 a yini. Ƙananan dabino biyu sun cinye wannan rabo. Ludayin fura kuwa kada ma a yi zancensa.

A 2008 likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da yara 145. Bayan wata uku, kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka ɗora wa abincin tashin ciwonsu ya ragu da fiye da rabi, a waɗanda ba a fara wa ba kuwa kashi 6 ne. Abin da aka fi kuka da shi taurin bayan gida ne, da amai, da kasala, da yunwa. Ke nan yana yi wa wasu aiki, ba kowa ba, kuma yana da illa kamar kowane magani. Likitanmu yana can nesa, tafiyar yini guda a mota. Duk illar da za ta zo, ni ce zan fara ganin ta, a cikin po, a numfashinsa, ko a kwanon da ya ture. Ke ma haka za ta kasance miki.

Abin da za ki tanada kafin ranar farko

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan bai sani ba. Ki nemi ƙaramin sikeli mai batir da ke auna giram ɗaya-ɗaya, da sirinji mai ɗaukar mililita 10, da na'urar auna sukari irin ta masu ciwon sukari, da tsinken takardar nan da ake tsomawa a fitsari don ganin keton. Tsinken ba ya son zafi da iska, ki rufe kwalbar da ƙarfi duk sanda kika zaro ɗaya, kada ki aje ta a taga ko kusa da murhu. Sai kaye guda, na ɗan lakwal ma ya isa. Kowace rana layi ɗaya: sau nawa ciwon ya tashi, me ya ci me ya bari, ruwa nawa ya sha, ya yi bayan gida ko bai yi ba, wane launi tsinken ya nuna. Idan kika buga wa likita waya kika ce yaron dai ba ya jin daɗi, ba abin da zai iya yi miki. Idan kika ce yau kwana uku ba bayan gida, ya yi amai sau biyu, tsinke ya rine har ƙarshe, nan take ya san inda zai dosa.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki baro ofishin likita babu shi: takarda da Faransanci, mai sa hannu da hatimi, da ke cewa wannan yaro yana kan abincin keto, ga maganin da yake sha, ga irin ƙarin ruwan da ya dace da shi, ga lambar waya. Ki yi mata kwafi, ki sa a leda.

Makonnin farko

Nan ne jiki ke canza makamashi, kuma nan ne aka fi jin jiki. Shi ya sa likitoci da yawa ke kwantar da yaro a asibiti na 'yan kwanaki kafin su sallame shi.

Abin tsoro na ɗaya saukar sukari. Yaro ya yi laushi, ya yi gumi mai sanyi, hannunsa na rawa, leɓensa ya yi fari, ko ya kama barcin da ba na lokacinsa ba. Ki huda yatsa ki auna. Ki kula da irin lambar na'urarki, don wata ta farmasin nan giram a lita take nunawa, wadda aka sayo Katsina ko Kano kuwa takan zo da wani lissafi: 0,40 a tamu shi ne 40 a waccan, shi ne 2,2 a wata. Wannan ita ce iyakar da aka yanke mana, ke ki tambayi taku ki rubuta a bangon kayen. Idan ya kai nan, ko alamun sun bayyana ƙarara, ana ba shi mililita 30 na ruwan lemu, wato sirinji uku, a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin a sake aunawa. Bai tashi ba, a ƙara sau ɗaya a kama hanyar asibiti. Wanda ya suma ko yake cikin jijjiga ba a zuba masa komai a baki.

Na biyu, keton ya yi yawa har jini ya yi tsami. Warin bakinsa dama zai canza, ya koma kamar na mangwaron da ya nuna ya wuce, wannan kaɗai ba matsala ba ce, alama ce abincin ya kama. Inda za ki tashi tsaye shi ne idan warin ya haɗu da numfashi sama-sama da sauri ko haki mai zurfi, da amai, da rigima marar dalili, da bugun zuciya da sauri, tsinken fitsari kuma ya rine ya kai launi na ƙarshe. Maganin farko ɗaya ne da na sukari: ruwan lemu sirinji uku, da ruwa kaɗan-kaɗan, da waya ga likita.

Yawan barci ma yakan zo daga maganin farfaɗiyar da yake sha, musamman Gardénal, wanda ƙarfinsa kan ƙaru a jiki idan aka fara abincin. Ki faɗa wa likita, shi zai ga ko za a rage. Ke kada ki taɓa ƙwaya ko rabi, ko da kin ga ciwon ya lafa.

Amai da tashin zuciya kuwa mafi yawa daga yadda ake ba da man ne. Mai da ke yawo a saman miya yana gundurar babba ma. Ki ɓoye shi. Ni nakan kaɗa ƙwai da man gyaɗa har su haɗe kafin in zuba a kasko da ɗan dafaffen zogale, a wuta kaɗan, ƙwan ya shanye man. Miyar kuɓewa da ta lalo suna riƙe mai ba ya tasowa. Da damina ƙwan zabi ya fi araha, kuma ya fi son sa. Ƙwai ɗaya maiƙonsa wajen giram 5 ne, abin gina jikinsa wajen giram 6, don haka ƙwai shi kaɗai bai kai yawan man da ake so ba, sai an ƙara masa mai. Ki raba abincin kashi-kashi ƙanana, bayan ya ci kada ya kwanta nan take. Idan ya gama, ki sa yatsa ki suɗe masa kwanon ki ba shi, don man da ya rage a ƙasa yana cikin lissafi.

Kada a yi masa ɗura. Na san ana yi wa yara ɗurar koko da ta magani, a toshe hanci a zuba, kuma kakanni sun iya. Mai idan ya kauce hanya ya shiga huhu ba ya fita da tari, yana zama ya jawo ciwon huhu mai wuyar magani. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu har haɗiya ke masa wuya, a faɗa wa likita tun kafin a fara.

Bayan gida

Wannan kusan kowa sai ya gamu da shi. An cire gero, an cire dawa, an cire wake, duk abin da ke tara kashi ya tafi. Sai ki ga yaro yana tsugunawa yana nishi, ya fitar da 'yan ƙwayoyi masu tauri, ko ya ƙi zama kan po gaba ɗaya don ya san zafin da ke jiran sa. Ciki kuma idan ya cushe, abinci ba ya shiga, amai ya dawo.

Ki kashe giram goman nan nasa a kan ganye: zogale, rama, lalo, kabeji, salati, kuɓewa, kuka kaɗan. Zogalen Jiratawa ba ya yankewa a kasuwa, ko da rani. Ridi da gyaɗa suna taimakawa amma a auna, don suna da nasu sitacin. Ƙuli-ƙuli kuwa mutane na ɗauka abokin tafiya ne tun da gyaɗa ce, alhali an riga an matse man, abin da ba ma nema ne ya rage. Ki zaunar da shi kan po bayan cin abinci kullum a lokaci guda, ƙafafunsa su taka ƙasa. Idan an yi kwana biyu zuwa uku ba labari, maganin da aka saba rubutawa garin macrogol ne, a farmasi za ki same shi da sunan Forlax ko Movicol, amma likita ne zai faɗi yawansa. Jiƙon tsamiya da muka saba yi wa yara sukari ne da shi. Filasko kuma murɗa ciki yake, ya jawo zawo, ruwan jiki ya zube, mu kuwa ruwan nan shi muke lallaɓawa.

Ruwa da tsakuwar ƙoda

A nan na fi daɗewa da duk uwar da ta zo neman shawara, don littattafan da aka rubuta kan wannan abinci ba a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu aka rubuta su ba. Wajen yaro ɗaya cikin ashirin na masu wannan abinci yana samun tsakuwa a ƙoda. Dalili, fitsari yana yin tsami, sinadarin alli, wato kalsiyam, ya yi yawa a cikinsa, sinadarin da ke hana shi dunƙulewa ya ragu, ga shi keton yana rage jin ƙishirwa. Yaro ba zai ce miki a ba shi ruwa ba. A da can har rage wa yaran ruwa ake yi da gangan, an daina wannan tuni.

Lissafin da aka koya mini: kilo goma na farko na nauyinsa, kowane kilo mililita 100 a yini. Kilo goma na biyu, kowane 50. Abin da ya haura ashirin, kowane 20. Yaro mai kilo 15 ke nan lita ɗaya da kwata, ledar ruwan piya-wata guda biyu da rabi. Wannan na ranar da ba zafi ne. Da bazara, ko yana zazzaɓi, sai an ƙara. Ni da safe nake cika masa gorar roba da rabonsa na yini, na zana mata layuka da biro, in ajiye ta gefen randa a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin azahar ya kai layin tsakiya. Idan ruwa zalla ya gundure shi, ɗan zoɓo mara sukari ko ɗigon lemun tsami yana sa ya sha, muddin mai tsara abincin ta yarda. Da hunturu ma kada ki sake, iskar nan tana busar da jiki ba tare da an ga gumi ba.

Ki riƙa duba fitsarinsa a farin po ko farar roba. Mai haske shi ake so. Idan ya yi ja, ko launin shayi, ko kika tsiyaye kika ga wani abu kamar rairayi a ƙasa, ko yana kuka idan zai yi, ko yana riƙe kwiɓi yana amai, a je a yi awon fitsari da hoton ciki na eko. Yaron da ba ya magana, wani lokaci ƙaruwar tashin ciwon ce kawai alamar. Akwai maganin da ake bayarwa don rigakafi, citrate de potassium, wanda ya rage samun tsakuwar sosai a inda ake ba kowane yaro tun daga farko. Ki tambaya ko ɗanki na bukata. Wata maƙwabciyata ta ce ai kanwa ma tana kashe tsami, in jiƙa masa. Kanwa daban, wannan daban, gishirin cikinta ma ƙara wa ƙoda aiki zai yi.

Idan yana shan maganin farfaɗiyar nan topiramate, wanda aka fi sani da Epitomax ko Topamax, ki ninka kula. Shi ma yana jawo tsakuwa da tsamin jini, sannan yana hana gumi. Yaron da ba ya gumi da tsakar rana a bazarar Maraɗi, jikinsa zafi rau, fatarsa a bushe, a shigar da shi inuwa a jiƙa shi a auna zafinsa.

Ranar da wani ciwo ya shigo

Zazzaɓin cizon sauro ba ya tambayar wane abinci yaro yake ci. Shi da kansa idan ya yi tsanani yana saukar da sukari, kinin ma haka, ga yaron da dama ba shi da ajiyar sukari a hanta. Don haka zazzaɓi ba na jira a gani ba ne a wurinmu: a yi gwaji ranar, a riƙa auna sukari a kai a kai. Coartem na ƙwaya yana tafiya da abincinmu, don da maiƙo ma ya fi shiga jiki. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina, kada ki kore su, ki dai sanar da likita tun kafin lokacin. Gidan sauro kuwa ba sai na faɗa ba.

Siro shi ne ɓarawon da ba a gani. Na zazzaɓi, na tari, na ƙarin jini, kusan duk da sukari ake haɗa su, cokali biyu-uku na iya rushe aikin mako. Duk wanda zai rubuta miki ordonansi, ki ce a ba ki na ƙwaya ko na matsi, a farmasi kuma ki sake maimaitawa. Har maganin farfaɗiya irin su Dépakine, idan na ruwa yake sha, a duba wane iri ne.

Idan aka kwantar da shi, miƙa takardar nan tun a ƙofa, da ladabi, don ma'aikata da yawa ba su taɓa cin karo da irin wannan yaro ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ki koyi karanta ledar ƙarin ruwa. Wadda aka rubuta glucosé, ko G5, ko G10, mai sukari ce. Wadda aka rubuta NaCl 0,9% mai gishiri ce, ita aka fi so a sa masa. Amma idan an auna sukarinsa ya faɗi ƙasa, ki matsa gefe su ba shi sukarin. Keton ana sake tara shi a kwana biyu-uku. Haka zancen zawo: ƙunshin garin gishiri da sukari na lita ɗaya yana da giram 13,5 na sukari, ya fi rabonsa na yini, amma idan ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, ana ba shi ana tafiya asibiti. A ranakun ciwo ana rage man, a koma romo da ruwa, sannan a mayar da shi sannu a hankali yadda likita ya tsara.

Ciwon ciki mai tsanani a saman cibiya, yaro ya naɗe yana amai ba tsayawa, musamman mai shan Dépakine, wannan na gaggawa ne, don yana iya zama kumburin wata gaɓa da ke bayan tumbi. Haka jijjigar da ta wuce minti biyar, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba. A kwantar da shi ta gefe, ba cokali ba yatsa a baki, a nemi abin hawa.

Mutanen gida

Yunwa da kwaɗayi illa ce ita ma, kuma a gidan yawa ta fi wuya. Yaro yana gani 'yan'uwansa sun kewaye kwanon tuwo, mai ƙosai na ƙofar gida, aya kuwa a ƙasar Maraɗi ko'ina ka juya ga ta. Loma ɗaya a ɓoye na iya tayar da ciwon da aka yi makonni ba a gani ba.

Kakarsa ta wajen uba ce ta fi ba ni aiki, kuma don so ne. Ta dube ni ta ce, "Yaro ba fura ba tuwo, da me zai tsaya da ƙafarsa?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, likita ya ce furar ce ke tayar masa da ciwon yanzu." Ba ta gamsu ba sai da baban yaran ya zauna da ita da kansa, ya buɗe mata kayen, ya nuna mata watan da ya gabata da wannan watan. Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce ba ta nata aikin: kullum ina auna 'yar soyayyar gyaɗa in ƙulle a leda in kai ɗakinta, idan ya shiga gaishe ta ita ke ba shi. Ta samu abin ba jika, shi ma ya daina leƙen ƙwaryarta.

Ki bi maƙwabta, da malamin lakwal, da na makarantar allo, da mai tebur na bakin layi, ki faɗa musu da bakinki. A gidan suna da biki ki tafi masa da nasa a kwano. Nono da madara suna da sukari na halitta, wajen giram 5 a kowane mililita 100, yawur na leda kuma an ƙara masa wani. Kilishi da tsire ana shafa musu tunkuza, wani har da sukari, gasasshen nama zalla ya fi. Masu kawo taimako kuma ba za su daina zuwa ba. Addu'a muna so. Abin da aka haɗa da zuma ko dabino ko garin gero ne ba zai sha ba, jiƙo da sassaƙe kuwa sai likita ya sani. Da azumi, ko ya yi kukan zai gwada na rabin yini kamar yayyensa, a'a.

Illar da ba ta nuna kanta da wuri

Waɗannan awo ne kawai ke kama su, shi ya sa ake komawa wurin likita duk wata uku a shekarar farko, ko da yaro garau yake.

Girma yakan ragu, musamman ga ƙanana. Ki auna nauyinsa duk wata a sikeli ɗaya, tsayinsa kuma a jikin bango da alli, ki rubuta. Idan layin ya tsaya, ana ƙara abin gina jiki ko a sassauta tsarin. Ƙashi yakan yi rauni, don abincin ba shi da isasshen alli, tsamin jini na zuƙe wanda ke akwai, magungunan farfaɗiya irin su Gardénal da Tégrétol kuma suna rage bitamin D. Ƙwayar bitamin mara sukari, da ta alli da bitamin D, ba ƙari ba ne da za a tsallake idan kuɗi sun yi ƙasa, cikin maganin suke. A tabbatar akwai sinadarin seleniyom a ciki, don ƙarancinsa yana raunana zuciya, har an samu yaran da suka rasu ta wannan hanya. Zubewar gashi, saurin tashin tabo idan ya ɗan bugu, kumburin ƙafa, saurin gajiya, duk a rubuta a faɗa. 'Yan mata da suka fara al'ada kuma takan rikice musu.

Kitsen jini yana hawa ga yara da yawa a watannin farko, sau da yawa ya sauko da kansa daga baya. Ba a tsayar da abinci don wannan kaɗai. Abin da aka yi mana, aka rage man shanu da kitsen nama, aka ƙara man gyaɗa da na ridi da kifi. Awon ana yin sa ne da safe kafin ya ci komai, in ba haka ba lambar za ta tsorata ki a banza. Man gyaɗar kuma ki saya wurin wadda kika sani, ko ki sa a matse miki a gabanki daga gyaɗa mai kyau da ba ta yi fumfuna ba, don yaron da ke shan mai da yawa haka kullum, duk abin da ke cikin man a jikinsa zai taru.

Wata uku ake ba abincin a ga kamun ludayinsa. Idan ciwon bai ragu ba, ko wahalar ta fi amfanin, babu dalilin ci gaba da hana yaro tuwo, a koma wurin likita a sake shawara. Idan ya karɓe shi, akan yi wajen shekara biyu kafin a duba yiwuwar dainawa, sai dai wasu cututtuka na gado da ake daɗewa fiye da haka. Dainawar ma ba a yin ta rana ɗaya sai da larurar gaggawa. Ana rage mai ana ƙara sitaci kaɗan-kaɗan a cikin makonni, nono da wake da 'ya'yan itace su fara shigowa, tuwo da fura su biyo baya, alawa da lemun kwalba a can ƙarshe. Duk tsawon wannan lokaci ana ci gaba da rubuta tashin ciwon a kaye, idan ya dawo a koma matakin da aka baro a kira likita.